Ranar Farko a Aji da Tsarin Zaman Ɗalibai: Amsoshin Tambayoyin Sabbin Malaman Manyan Makarantu

Duk lokacin da aka ɗauki sabbin malamai a sashenmu, tambayoyin da suke zuwa da su ofishina kusan iri ɗaya ne. Abin da za su koyar ba ya damunsu, ai da shi suka samu digiri. Awar farko ce ke hana su barci: me za su ce, ina za su tsaya, yaya za su yi da mutum ɗari uku a kan bencin da aka kafe da ƙusa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsoshin da nakan bayar. Na yi magana da "ka" don sauƙi, amma malamai mata ma da su nake.

Dole ne in yi darasi a ranar farko? Ai rabin ɗaliban ba su gama rijista ba.

Ka yi. Na san al'adar da muka taras: malami ya shigo, ya rubuta sunansa da lambar kwas a allo, ya ambaci littafi ɗaya ko biyu, ya ce mu haɗu mako mai zuwa. Minti goma an tashi, kowa na murna. To amma ɗalibin ya koyi wani abu a cikin minti goman nan, ya koyi cewa awar wannan malamin ba ta da tsada. Ranar da ka zo kana faɗa don sun makara a mako na biyar, ka tuna wa ya fara nuna musu hanya.

Ka kuma lissafa makonnin da ke hannunka. A takarda zango yana da makon karatu wajen goma sha biyar. Ka cire na rijista, ka cire hutun Sallah idan ya faɗo ciki, ka cire makon gwaji da ranar da za a ari ɗakinka don wani taro. Abin da ya rage bai kai ka yi kyauta da awa biyu ba.

Ba ina nufin ka buɗe babi na ɗaya ka hau karanto musu suna rubutawa ba. Abin da kake so ajin ya riƙa yi har ƙarshen zango, shi za ka sa su yi tun ranar. Idan kana son su riƙa magana, su yi magana yau. Idan kwas ɗin na lissafi ne, kada su fita ba su warware ko tambaya ɗaya ba.

To me zan yi da awa biyun?

Ni ga yadda nake yi. Nakan riga su shiga da kamar minti goma sha biyar, in duba allo, in gwada lasifika idan akwai wuta, in hau can layin ƙarshe in zauna in ga me ake hangowa daga nan. Wannan hawan kada ka bar shi. Rubutun da kake gani ɓaro-ɓaro a gaban allo, daga baya kamar tafiyar tsutsa yake.

Idan sun zauna, kafin in faɗi sunana ma, nakan rubuta tambaya ɗaya daga cikin kwas ɗin, irin wadda kowa zai iya cewa wani abu a kai amma amsarta ba a fili take ba. Ɗaliban koyon aikin malanta nakan tambaye su: yaro ɗan aji uku ya iya rera ɗaya zuwa ɗari, amma aka ba shi tsakuwa bakwai ya kasa ƙirgawa, ya iya lissafi ko bai iya ba? Kowa ya rubuta amsarsa a minti biyu, ya juya ya tattauna da na kusa da shi, sannan in ji daga mutum biyar ko shida daga sassa daban-daban na ɗakin. Rabin awa ta tafi a nan, kuma ita ce rabin awar da ta fi kowace amfani.

Bayan haka in gabatar da kaina a taƙaice, in bi tsarin kwas ɗin, in yi bayanin maki, in ɗan shiga darasi na farko. Minti biyar na ƙarshe kowa ya yagi 'yar takarda ya rubuta abu biyu: me ya fahimta yau, me kuma yake tsoro a kwas ɗin. Ba sai da suna ba. Da dare in karanta. Daga nan nake sanin wa zan koyar, har da ƙarfin Turancinsu.

Wurin da ɗalibi ya zauna yana da tasiri da gaske, ko dai masu ƙoƙari ne kawai ke son gaba?

Duka biyun. Tun 1970 wasu masu bincike a Amurka, Raymond Adams da Bruce Biddle, suka ɗauki bidiyon azuzuwa suka ga cewa mafi yawan maganar da ke gudana tsakanin malami da ɗalibai a layukan gaba take, sai kuma ta tsakiyar ɗaki, saitin fuskar malami. Na gefe da na baya kusan 'yan kallo ne. Duk malamin da ya yi wa kansa adalci ya san haka yake. Idonka inda ya saba nan yake sauka, kuma wanda kuka haɗa ido shi za ka tambaya.

Sai dai ana iya cewa ai masu himma ne suka zaɓi gaban tun asali. Wannan ne Katherine Perkins da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, suka gwada a Jami'ar Colorado, suka wallafa a 2005. A wani babban aji na fiziks, ba su bar kowa ya zaɓi wuri ba, da ƙuri'a aka raba kujeru. Da zango ya raba tsakiya sai aka yi musanya, na gaba suka koma baya, na baya suka dawo gaba. Waɗanda suka fara a gaba sun fi zuwa aji, sun fi samun maki mai kyau. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne musanyar ba ta goge bambancin ba. Wanda ya fara a baya, ko da aka dawo da shi gaba, halin da ya ɗauka a makonnin farko ya biyo shi.

An yi irin wannan gwajin a ƙananan azuzuwa ba a ga wani bambanci ba, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, ɗakin mutum arba'in ba shi da "baya" na gaske. Matsalar ta babban ɗaki ce, mu kuwa manyan ɗakuna muke da su.

Ɗakina tiyata ne, kujerun a kafe suke. Wane tsarin zama kuma zan yi?

(Tiyata a bakin ɗalibai ɗakin lakca ne mai hawa-hawa, ba ta asibiti ba, ko da yake wasu na fita daga ciki a jigace.) Yawancin waɗanda TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ta gina a makarantunmu haka suke, kuma ba za ka tumɓuke kujerun ba. Amma akwai abin da ke hannunka.

Na farko, kai ba a kafe kake ba. Ka bar bayan tebur, ka hau matakala, ka yi bayani daga tsakiyar ɗaki, wani lokaci daga can baya. Duk inda ka tsaya nan ne gaba. Hirar da ake yi a layin ƙarshe takan mutu da kanta idan malami na iya bayyana a wurin a kowane lokaci. Idan makirufo mai waya ne ya ɗaure ka, ka ajiye shi lokacin da suke aiki ka zaga.

Na biyu, idan ɗakin ya fi ajin girma, ka hana zama a layukan baya tun ranar farko. Mutum tamanin a ɗakin mutum ɗari biyar, a warwatse, ba aji ba ne. Ka tattaro su, kuma idan da sarari ka bar kowane layi na uku babu kowa, don ka samu hanyar ratsawa ka isa wurin kowa.

Na uku, ɗalibi ko a kafe yake yana iya juya wuyansa. Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, tun farkon shekarun 1990 ya fara koyarwa a irin wannan ɗakin ta wannan hanyar: ya jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya nemi maƙwabcin da amsarsu ta bambanta ya shawo kansa, a sake zaɓe. Ba ka buƙatar na'ura don zaɓen amsar. Yatsu sun isa, a ɗora a ƙirji don kada a kwaikwayi na kusa: ɗaya, biyu, uku ko huɗu. Idan kana son rukuni na mutum huɗu, biyu na layin gaba su juyo su fuskanci biyu na bayansu. Za a yi hayaniya. Ka sanar da malamin ɗakin kusa tun da wuri, kuma ku yi yarjejeniya da ɗalibai kan alamar yin shiru, misali ɗaga hannunka.

Ajina ƙarami ne, kujerun suna motsi. Wane tsari ya fi?

Ya danganta da wanda kake so su kalla. Layi-layi yana cewa kowa ya kalli malami, kuma ya dace da bayani a allo da jarrabawa. Siffar kofaton doki, wato kamar harafin U, tana ba su damar ganin allo da kuma fuskokin juna, kai kuma ka shiga tsakiya. Ga ajin mutum ashirin zuwa talatin da biyar ita na fi so. Da'ira cikakkiya ta tattaunawa ce zalla, kuma sai ka zauna a cikinta kamar kowa, in ka tsaya ka ɓata ta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san zaman halƙa, malam a kan buzu, almajirai sun kewaye shi, kowa na jin karatun kowa, kowa na ganin wanda aka yi wa gyara. Turawa ma da suka so irin wannan sai da suka kashe kuɗi. A 1930 wani attajiri mai suna Edward Harkness ya ba makarantar Phillips Exeter da ke Amurka kyauta mai tsoka don a riƙa koyarwa a kewayen tebur mai siffar ƙwai, ɗalibai kamar goma sha biyu da malaminsu, har yau da sunansa ake kiran teburin. A Jami'ar Jihar North Carolina kuma Robert Beichner ya tsara ɗakin kimiyya mai teburori masu da'ira, kowane tebur mutum tara, rukuni uku na mutum uku-uku, malami na zagayawa a tsakani.

Gargaɗi ɗaya: jan kujera yana cin lokaci, kuma wani malamin zai shigo bayanka. Ka zana tsarin a allo, ka ba su minti uku, ka kuma sa su mayar da komai yadda suka same shi kafin su fita. Rigimar da na taɓa yi da abokin aiki mafi tsawo a kan kujeru ce.

Maza na zama gefe, mata gefe. In cakuɗa su?

A'a. Na taɓa gwadawa ina sabon malami, na ƙirga su ɗaya zuwa shida na ce kowa ya bi lambarsa. Rukunonin suka zauna kamar zaman makoki, wasu matan suka ja mayafi suka yi shiru har aka tashi, mako na gaba biyu ba su zo ba. Ban ƙara ba.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne yadda rabon yake. Idan hagu da dama ne, ba matsala, kowa na da gaba na da baya. Idan kuwa maza sun riga sun cika gaba mata sun taru a baya, ko a wani lungu da ba a jin magana, to wannan ka gyara shi tun ranar farko: ka raba ɗakin a tsaye. Sannan ka kula da kanka. Yawancin malamai suna da gefen da jikinsu ya fi karkata, musamman lokacin rubutu a allo. Ka riƙa karɓar amsa ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Aikin rukuni kuwa ka bar su su haɗa da wanda suka natsu da shi a farko, daga baya idan an saba ana iya faɗaɗawa ba tare da an tilasta kowa ba.

In sanya wa kowa wurin zama na dindindin?

A babban aji wahala ce kawai, kuma manya ne, ba 'yan firamare ba. Ko ba ka sanya ba, zuwa mako na uku kowa ya kama wurinsa, har ya ji haushi in an zauna masa. Abin da nake yi shi ne juyi: duk bayan mako uku ko huɗu, kashi ɗaya cikin uku na baya su dawo gaba, sauran su matsa. Na faɗa musu tun ranar farko tare da dalili, ban taɓa samun gardama mai yawa ba.

Amma akwai waɗanda juyin bai shafa ba. Mai raunin gani ko na ji, gaba. Mai keken guragu ko sanda, kusa da ƙofa a inda babu matakala, kuma kada ya zama shi kaɗai a can kamar an ware shi. Mai juna biyu da mai goyo, bakin layi kusa da ƙofa. Bahago a kan kujera mai hannun rubutu a dama yana shan wuya, in akwai tebur ka ba shi. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta shafi gine-ginen jama'a, amma kafin gini ya gyaru kai ne a wurin. Kada ka ce "masu matsala su ɗaga hannu" a gaban jama'a. Ka ce duk mai buƙatar wani wuri na musamman ya rubuta a takardar ƙarshen darasi ko ya same ka bayan an tashi.

Kowa ya tashi ya gabatar da kansa?

Idan sun haura talatin, kada ka fara. Mutum ɗari biyu, kowa rabin minti, minti ɗari ke nan, kuma ba wanda zai riƙe suna ko ɗaya. Su gabatar da kansu ga na kusa da su, mutum uku-uku, su karɓi lambar wayar juna saboda ranar da wani bai samu zuwa ba. Wasannin sabo da ake kwafowa daga intanet, irin su faɗi dabbar da ka fi kama da ita, ka bar su inda ka gan su. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya zo ƙaro karatu ba zai ce shi zomo ba ne.

Yaya zan riƙe sunaye? Muhammad goma sha biyu ne a ajin, A'isha tara.

Ba za ka riƙe duka ba, kuma ba sai ka riƙe duka ba. Kowa ya naɗe takarda gida uku ya rubuta sunan da yake so a kira shi da manyan baƙaƙe, ya tsayar a gabansa. Sunan da yake so, na ce, don wata sunan surukarta gare ta a takarda, wani kuma duk duniya da laƙabi ta san shi. Duk wanda zai yi magana ya fara da sunansa, kai kuma ka maimaita. Suna biyar a kowace lakca ya isa. Sunayen ɗaliban da suka zo daga wasu sassan ƙasa ka tambayi yadda ake furta su ka rubuta a yadda kunnenka ya ji. Kiran mutum da "kai mai jar hula" ko da ƙarshen lambar rijistarsa ya halatta a makon farko kawai.

Dokoki da maki fa? In fara da su don su san ba wasa?

Ka faɗe su, amma a tsakiya, bayan sun ɗanɗani kwas ɗin. Ka rubuta a allo yadda aka raba maki tsakanin aikin zango da jarrabawa, talatin da saba'in ne ko arba'in da sittin, gwargwadon dokar makarantarku, da makon da za a yi kowane gwaji. Yawancin manyan makarantunmu suna da sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a zauna jarrabawa. Idan za ka yi aiki da shi ka faɗi yadda za ka ɗauki suna. Idan ka san ba za ka iya ba, kada ka yi barazana da shi. Doka uku da za ka tsaya a kansu sun fi goma sha biyar da za ka manta.

Ka faɗi minti nawa za ka yi haƙuri da makara, ka kuma ɗaure kanka da irinsa. Idan lakcar ta ci lokacin Azahar ko La'asar, ku yanke yadda za a yi tun yau. Ka bayyana ƙarara cewa maki ba ya da alaƙa da sayen handawut ko littafin kowa. Kalmar nan da na ji malamai da yawa suna alfahari da ita wajen ba da sakamako, "A ta Allah ce, B tawa ce", ka bar ta. Ba ta sa kowa ƙoƙari, sai dai ta sa mai ƙoƙarin ya rage.

Wakilin aji su zaɓi abinsu, kuma ka nemi mace ɗaya ta zama mataimakiya ko wakiliya, don akwai saƙon da ba zai taɓa iso ka ta hannun namiji ba. Lambar wayarka su biyun kawai za ka ba.

Na yi tambaya, aji ya yi tsit. Me na yi ba daidai ba?

Mai yiwuwa ba ka jira ba ne. Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta ga malamai ba sa wuce kamar daƙiƙa ɗaya suna jira kafin su amsa da kansu ko su sauya tambaya. Da aka ja jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, masu amsawa suka ƙaru. Ɗalibinmu kuma yana da ƙarin aiki: ya ji da Turanci, ya yi tunani da harshensa, ya mayar Turanci, sannan ya auna ko za a yi masa dariya. Ka ƙirga goma a zuci. Shirun zai yi maka nauyi, su ma haka, wani zai fasa shi.

"Kun gane?" ba tambaya ba ce, amsarta kullum "eh" ce. Kuma mutumin farko da ya ba da amsa ba daidai ba, yadda ka karɓe shi duk ajin na kallo. Idan ka gwale shi, ka rufe bakin sauran har zango ya ƙare.

Wasu ɗaliban sun girme ni, har akwai tsohon hedimasta. Yaya zan yi?

Ka girmama su, ka kuma riƙe ajinka. Malam, Malama, Hajiya, Baba idan ya kai, babu abin da zai ragu a jikinka. Irin waɗannan idan ka ja su jiki su ne ke tsawatar maka da yara. Ka nemi misali daga aikinsu, suna da shi fiye da kai. Abin da ba za ka yi ba shi ne ba da haƙuri kan ƙuruciyarka ko sanar da su cewa yau ce ranarka ta farko. Idan an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce za ka duba, ka rubuta a gabansu, ka dawo da amsar a lakca ta gaba.

Waɗanda za su zo a mako na uku ko na huɗu fa? In maimaita musu?

Za su zo, musamman a aji ɗaya, tunda sunayen waɗanda aka ɗauka kashi-kashi suke fitowa. Kada ka maimaita lakca, za ka hukunta waɗanda suka zo a kan lokaci. Tsarin kwas da dokokin su kasance a shafi ɗaya, wakilan aji su saka a zauren WhatsApp na ajin. Duk sabon zuwa ka haɗa shi da ɗaya daga cikin rukunonin mutum uku da aka kafa ranar farko, su ba shi abin da aka yi. Kuma tunda sabon zuwa kullum layin ƙarshe yake lallaɓawa ya zauna, nakan bar kujeru biyar ko shida a layi na biyu har zuwa mako na huɗu, in na ga baƙuwar fuska a ƙofa in nuna mata can.